Kafin ku danna Format wajen sa Windows

Salamu alaikum 'yan uwa masu gyaran kwamfuta na Gusau, musamman ƙannenmu da suka fara koyo.

In kun zaɓi Custom (wato sa sabuwar Windows daga farko), allon da zai fito ba ya nuna C: ko D:. Abin da za ku gani shi ne Drive 0 Partition 1, Partition 2, haka dai. To tun kafin ku kashe tsohuwar Windows ɗin, ku buɗe Disk Management ku rubuta girman C:, wato ɓangaren faifan da Windows take ciki, a takarda. Da girman nan za ku gane shi, shi kaɗai kuma za ku goge. Ƙananan ɓangarorin nan, System mai kusan MB 100 da MSR mai MB 16, ku ƙyale su.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne in saƙo ya fito cewa faifan MBR ne, GPT ake so (hanyoyi biyu ne na tsara ɓangarorin faifai). Sai yaro ya danna Shift da F10, ya shiga diskpart (manhajar sarrafa faifai ta hanyar rubuta umarni), ya rubuta clean. Wannan umarni faifan gaba ɗaya yake sharewa, har D: ɗin da mai kaya ya tara hotunan biki da takardun makaranta. Don Allah ku kwashe masa kayansa tukuna.

Ku cire duk wani faifan waje, a kuma cika caji kafin a fara, kun san halin wutarmu.