Yadda zaka shuka airis da fulawoyi masu albasa a Jos, daga hunturu zuwa bazara

Duk wanda ke kallon hotunan lambun Turawa a Facebook yasan yadda abin ke ɗaukar ido, tulif ja da rawaya, dafodil, ga airis shuɗiya ta fito tun dusar ƙanƙara bata gama narkewa ba, sai kaji mutum yace ai Jos ma akwai sanyi bari in gwada. Toh gwadawa babu laifi, amma ka fara sanin abu ɗaya. Sanyin Jos sanyi ne a wajenmu, tudu ne mai tsayin wajen mita 1,200, a Disamba da Janairu da asuba ko alwala sai an ɗumama ruwa, amma albasar tulif, wato gindinta mai kama da albasa da ake binnewa, bata ma san anyi sanyi ba. Ita tana so ta kwana a ƙasa sati 12 zuwa 16 cikin sanyin da bai haura digiri 9 ba, dare da rana, kafin furen da ke cikinta ya miƙe. Shi yasa a Holan da Ingila ake binne su a Oktoba ko Nuwamba su fito a Maris da Afrilu. Mu namu sanyin na dare ne, ƙarfe sha biyu na rana ka cire suwaita.

Fulawoyin da suka dace damu lissafinsu daban, su fari ne ke sa su barci, ruwa ya tashe su. In ka gane wannan ka huta da asarar kuɗi.

Fara da amarilis, mai furen nan babba ja ko ruwan lemo da ke fitowa kan dogon kara babu ganye, zaka ganta a tsofaffin gidaje wajen Rayfield da Tudun Wada ana tsakiyar hazo. Da damina ta ɗauke a Oktoba ka daina bata ruwa gaba ɗaya, ka bar ganyen ya yi rawaya ya bushe da kansa, ta huta kamar sati 8. Mutane anan suke kuskure, tausayi ke kama su sai suyi ta antaya mata ruwa kullum, ita kuma tayi ta zuba ganye shar babu fure ko ɗaya. Bayan hutun ka dasa ta a tukunyar da bata fi ta girma sosai ba, kashi ɗaya cikin uku na albasar ya zauna a waje saman ƙasa, ka jiƙa sau ɗaya ka ƙyale ta sai kaga tsinin kara ya leƙo. Sati 6 zuwa 8 fure zai buɗe.

Airis kuma iri iri ce. Mai gemu, wadda Turawa suka fi ji da ita, bata da albasa, saiwa gareta a kwance kamar citta, kuma ba'a binne ta. Kayi ɗan tudu da ƙasa ka ɗora ta a kai, ƙananan jijiyoyin su sauka gefe da gefe ka rufe su, amma bayan saiwar ya zama kana ganinsa rana na dukansa. Kada ka rufa mata ciyawa ko taki a kai. In ka binne ta da zurfi, ruwan Yuli da Agusta na Jos da baya ɗagawa zai ruɓar da ita, ka danna da yatsa kaji laushi ga wani wari, shikenan sai yanke wajen da wuƙa mai tsafta a shanya sauran. Gaskiya ni bana ba sabon shiga shawarar ya fara da ita, tana son sanyin da ya fi namu, wata shekara ta yi fure wata tayi shiru. Wadda zata baka kwanciyar hankali itace airis ɗin Afirka, fara mai ɗigon rawaya da asalinta kudanci da gabashin Afirka ne, masu sayar da fulawa a bakin titi suna da ita, bata damu da fari ba, inuwa kaɗan ma bata hana ta. Duk shekara 3 ko 4 ka tono gindin ka raba, ka ba maƙwabta.

Sai giladiyolas, itama dangin airis ce, 'yar uwarta ta daji ma muna da ita, rumana. Wannan dai aikin rani ne in kana da ruwa, ko rijiya ko kana kusa da kududdufan kuza irin na Bukuru da masu kabeji da karas ke ban ruwa dasu. Binne ƙwayar gindinta mai kama da albasa zurfin santimita 10 zuwa 15, tsinin yana kallon sama, tazarar tafin hannu tsakani. Cikin wata biyu da rabi zuwa uku take fure, so in ka shuka a Nuwamba zaka yanka a Fabrairu. Kada ka shuka duka rana ɗaya, raba su duk sati biyu don furen ya riƙa biyo juna, kuma ka kafa mata kara ka ɗaure saboda iskar hunturu na kayar da ita.

Ƙasa fa? Jar ƙasar nan in ta bushe tauri in ta jiƙe danƙo, so ka haɗa ta da yashi da takin shanu wanda ya ruɓe har ya daina wari. Ɗanyen kashin kaji a'a, ƙona saiwa yake. Ka tada kunya ruwa ya riƙa wucewa, in tukunya ce ko tsohon bokiti ka huda ƙasan sosai. Takin zamani NPK ɗan barbaɗe ya isa, yuriya kuma ka barwa masara. Ban ruwa da safe, a gindi, sai saman ƙasa ya bushe ka ƙara.

In kuma zuciyarka ta nace sai tulif ko dafodil, firij ne zai zama hunturunka. Ka samo albasar a Satumba, ka zuba a ambulan ko jakar takarda, banda leda, ka saka a ƙasan firij wajen kayan miya, ba firiza ba, sati 12 cur. Kada tuffa ko ayaba ko tumatur nunannu su zauna tare da ita, iskar da suke fitarwa tana kashe furen tun yana ciki. Matsalar dai wuta ce, in NEPA ta ɗauke kwana biyu firij ya huce lissafi ya rikice, don haka in baka da sola ni dai nace ka haƙura. In ta kammala, ka fito da ita a Disamba ka shuka ranar, zurfin ninki uku na tsayinta, inda rana ke taɓawa da safe kawai. Fure ɗaya zata baka, baɗi sai sabuwa. Kuma dan Allah a rubuta a jikin jakar, albasar dafodil da ta amarilis guba ce, kar a wayi gari an yanka ta a miya, yara da awaki ma a nisanta su.

Da bazara ta shigo, Maris zuwa Afrilu, zafi ya taso hadari ya fara haɗuwa, lokacin 'yan gida ne. Albasar kwaɗi zata fito da farin furenta mai ratsin ja bayan ruwan farko, haka ƙananan lilin ruwan sama masu ruwan hoda da ke buɗewa kwana kaɗan bayan an sheƙa ruwa, su ba abinda zaka musu sai dai ka share ciyawa. Tukwane kuma ka ja su ƙarƙashin baranda in kaga hadarin ya yi baƙi ƙirin, ruwan farko a Jos wani lokaci da ƙanƙara yake zuwa ya yayyaga fure.

Duk wadda ta gama fure ka yanke karan kawai, ganyen ka barshi aƙalla sati 6 ko da ya yi muni, dashi take tara abincin baɗi. Giladiyolas kam ka tono ta kafin damina tayi ƙarfi, ka shanya a inuwa, ka barbaɗa toka ka rataye a kwando inda ɓera da gara baza su kai ba.