Babi na Shida: Diyyar Haɗarin Babur, Yaushe Za a Biya?

Darasi na 1: Hanyoyi uku

Tambayar da kuka fi yi mini a aji ita ce, "Malam, in mota ta buge ni a kan babur, wata nawa zan yi kafin a biya ni?" Ya danganta da hanyar da aka bi. In sulhu aka yi a gaban mai unguwa ko shugaban 'yan acaɓa, ana iya gamawa cikin 'yan kwanaki, sai dai kuɗin ba ya cika wuce na magani. In kamfanin inshora ne, ku sa ran watanni. Kotu kuwa, magana ce ta shekaru.

Ku gane wannan tukuna: inshorar motar da ta buge ku ce za ta biya ku. Ta babur ɗinku, wadda NAICOM, hukumar kula da harkar inshora ta ƙasa, ta sa wa farashin naira 3,000 tun watan Janairu 2023, wanda ku kuka buge take biya, ba ta biyan raunin jikinku.

Darasi na 2: Ranar da abin ya faru

Allah ya kiyaye. In ya faru, wani na kusa ya rubuta lambar motar, ko ya ɗauke ta hoto da waya. Lambar tana gaba, tana baya, haruffa da lambobi, a kwafe duka. A kira jami'an kiyaye haɗurra a 122, kyauta ne. A kai rahoto ofishin 'yan sanda, daga baya a karɓi rahoton a rubuce. Idan babu shi, kamfani zai ajiye maganarku a gefe. Don sanin ko inshorar motar ta gaske ce, a danna *565*11# a waya, a sa lambar motar.

Darasi na 3: Rasit

A nan ake faɗuwa, don haka a nan za mu daɗe. Rasit ita ce takardar da ke nuna kun biya kuɗi. Kamfanin inshora bai ga jininku a kwalta ba, bai ji kukan iyalinku ba. Takarda kaɗai yake gani. Kuɗin da babu rasit ɗinsa, a wurinsu ba a kashe shi ba.

Kun biya kuɗin kati a asibiti, ku karɓi rasit. Kun yi hoton ƙashi, ku karɓi rasit. Kun sayi allura a kemis, ko ta naira ɗari biyar ce, ku karɓi rasit. Kada ku ji kunyar tambaya, haƙƙinku ne. Ku ce, "Don Allah a rubuta mini rasit, a buga hatimi." Mu maimaita tare: a rubuta mini rasit, a buga hatimi. Madalla, kun iya.

Kafin ku bar gaban mai karɓar kuɗi, ku duba abu uku: sunanku, kwanan wata, da adadin kuɗin. Wanda bai ƙware da karatu ba tukuna ya ba ɗansa ko maƙwabci ya karanta masa. Sunan ya zama daidai da na katin ɗan ƙasa. In katin ya ce Muhammad Sani, rasit ya ce Mamman, za a mayar da fayil ɗinku a ce a gyara, makonni sun tafi ke nan.

Sannan a nemi leda mai kauri, a zuba duk rasit a ciki, a sa ƙarƙashin akwati. A yi fotokofin kowanne, domin irin siririn rasit ɗin da inji ke fitarwa rubutunsa yana goge kansa da zafi. Fotokofin ake miƙawa, na asali yana hannunku sai an nema.

Yanzu ku bar ni in yi faɗa. Na gaji da ganin magidanci da furfurarsa ya tura rasit a aljihun riga, uwargida ta wanke rigar, a zo mini da dunƙulen takarda a ce, "Malam, ya za a yi?" Me zan yi? Wasu kuma daga wurin haɗari sai gidan mai ɗori. Ban hana ku ɗori ba, amma mai ɗori ba ya ba da rahoton likita, kuma da rahoton likita ake auna girman rauni. Ku fara zuwa asibiti, ko na gwamnati mafi kusa ko irin Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, a yi hoto, likita ya rubuta, ku karɓi rasit. Na faɗa, na sake faɗa, kuma gobe zan tambaye ku.

Darasi na 4: Sa hannu

In kamfani ya amince, zai ba ku takardar da ke cewa kun yarda da kuɗin kuma magana ta ƙare. Dokar inshora ta 2003 ta ba kamfani kwana 90 ya biya bayan fitar da wannan takarda, sabuwar dokar 2025 da ta gaje ta ita ma ta sa wa'adi. In an wuce, ku kai kuka NAICOM.

Kada ku dangwala yatsa alhali ƙafa ba ta gama warkewa ba. In aikin tiyata na biyu ya taso bayan kun sa hannu, daga aljihunku ne. Ku jira likita ya sallame ku, ko da hakan zai ƙara watanni.

Darasi na 5: Kotu

Ana ɗage zama sosai. Marar kuɗin lauya ya tuntuɓi Hukumar Ba da Agajin Shari'a. Shigar da ƙara yana da wa'adi, in kuma ma'aikacin gwamnati ne ya buge ku a bakin aiki, wa'adin na iya zama wata uku kacal, don haka a ga lauya da wuri. A tafi da ledar rasit.

Darasi na 6: Aikin gida

Kowa ya zo da rasit guda ɗaya, ko na wutar lantarki ne. Ya nuna mini suna, kwanan wata, da kuɗi.