Yadda za ka gane matsalar giyar otomatik idan tana sulluɓewa

Alamar ita ce ka taka totur, inji ya yi ƙara, allurar RPM mai nuna juyin inji ta haura, amma mota ta ƙi ja sai daga baya.

Da farko ka zaga da motar na minti 10 zuwa 15 har ta yi zafi. Tsaya a wuri mai daidai, taka birki, ka bi da giya P, R, N, D ɗaya bayan ɗaya, ka dawo P. Idan D ko R na jinkirin kamawa, ko ta kama da fizga, ka riƙe wannan.

Sai ka zaro sandar awon man giya, ka goge, ka mayar, ka sake zarowa. Yawancin motoci ana aunawa inji na kunne, Honda kuwa sai an kashe. Ƙarancin mai shi ne mafi sauƙin gyara: nemo inda yake yoyo, ka ƙara irin wanda kamfani ya rubuta, misali WS ko T-IV a Toyota. Kada ka yarda da "duk ja ɗaya ne". Mai kyau ja ne garau. Idan ya yi baƙi yana warin ƙuna, faranten kulocin ciki sun ci wuta, canjin mai kaɗai ba zai dawo da su ba.

Man lafiya lau? Je a jona motar da kwamfuta ta fitar da lambar matsala. P0700 na nuna laifin ɓangaren giya ne, P0730 kuma giya ba ta riƙe yadda ya kamata. In babu waɗannan, a duba fulogi da famfon fetur kafin bakanike ya sauke giyabos.