Darasi na 9: Batir Ya Mutu, Mota a Kulle

Sanyin hunturu a Jos ba wasa ba ne. A watannin Disamba da Janairu, tsohon batir yakan kwana lafiya, gari ya waye ya ƙi aiki. Ka fito da sassafe za ka kasuwar Farin Gada, ka danna rimot, shiru. Ka sake dannawa, ko fitila ba ta ƙifta ba.

Kada ka ɗauko dutse, kada ka zura waya ta saman gilashi. Mabuɗin yana hannunka, ba ka sani ba.

Juya rimot ɗin ka duba bayansa ko gefensa. Akwai ɗan maɓalli ƙarami. Danna shi ko ka tura shi da farce, sai siririn makulli na ƙarfe ya zaro. Yawancin rimot na motocin zamani haka suke. To, ina ramin makullin? Yana jikin mariƙin ƙofar direba. A wasu motoci an rufe shi da murfin roba. Leƙa ƙarƙashin murfin, za ka ga 'yar kafa. Sa bakin makullin, ka ɗaga a hankali. Ramin da ya shekara ba a taɓa shi ba yakan cushe da ƙura, saboda haka ka fesa masa ɗan mai, ka murɗa sannu-sannu. Mai gaggawa shi ke karya makulli a ciki.

Ka shiga, saura sanin wane batir ne ya mutu, domin biyu ne. Idan fitilar cikin mota ta kama, na rimot ne, ɗan faifai kamar kwabo mai ƙarfin lantarki bolt 3. Manna rimot ɗin jikin maɓallin tayarwa, ka taka birki, ka danna. Idan kuwa duhu ne, babban batir ne mai bolt 12. Ja hannun bonet, ka roƙi maƙwabci ya matso da motarsa, ku haɗa batirinka da nasa da kebul biyu, ja da baƙi. Jan kebul a kan alamar + ta kowane batir. Baƙin kuma, kai ɗaya a alamar - ta batirin maƙwabci, ɗayan a jikin ƙarfen injinka. Mota mai otomatik dai ba ta tashi da turi, kada ka wahalar da yaran unguwa.

Aikin gida: zaro makullin rimot ɗinka yau, ka gwada shi a ƙofa. Rubuta lambar da ke jikin ƙaramin batirin a littafinka.