Yadda na gyara matsalar makara a bitar malamai

Bitar da muke shirya wa malaman firamare a ƙaramar hukumarmu kullum sai wajen ƙarfe 11 take kankama, alhali a takarda ƙarfe 9 ne. Da na bi rajista, sai na ga masu makarar duk daga ƙauyukan nesa suke, inda mota ba ta tashi sai ta cika.

Sai na daina tara kowa a hedkwata. Na raba makarantu rukuni-rukuni, kowane rukuni da makarantar da ke tsakiya, yadda malami zai iso da babur ko a ƙafa. Masu horarwa ne suke tafiya yanzu. Na cire Juma'a da ranar kasuwa daga jadawali, domin malami ma yana da cefane.

Kuɗin mota kuwa, layinsa ne ke cinye safiya. Na mayar da biyansa bayan La'asar, ga wanda ya sa hannu safe da yamma. Wasu sun yi gunaguni, amma zillewa bayan cin abinci ta ragu.

Abinci na haɗa shi da hutun Azahar. Malamai mata masu goyo kuma na ware musu aji guda da tabarma da mai reno.