Yadda Za Ka Fara Wasan RP a Intanet Ba Tare da An Kore Ka a Daren Farko Ba

A shagunan gem na Bauchi, daga Wunti har Gwallameji, ƙwallo da harbe-harbe aka fi bugawa: ka ci ko a ci ka, ka miƙa wa na bayanka. RP, wato roleplay, wasan shiga rigar wani mutum, ba haka yake ba. Gari ne guda a cikin kwamfuta, mutane da yawa suna cikinsa a lokaci ɗaya, kowa ya ɗauki wani mutum na ƙirƙira ya zama shi. Wannan ɗan sanda, wancan likita, wani direban tasi, wani kuma ɓarawon mota. Babu maki, babu wanda ake cewa ya yi nasara. Duk wanda ya taɓa ganin yaro a tashe ya manna gemun auduga, ya dogara sanda yana tafiyar tsofaffi, masu kallo kuma suna biye masa, ya riga ya san rabin abin.

Al'adar ta girmi yawancin masu yin ta yau. A 1974 aka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka, ana yin sa a kan tebur da takarda. A 1978 wani ɗalibi a Jami'ar Essex da ke Ingila ya fara MUD, inda ake wasan da rubutu zalla. Amma abin da ya jawo hankalin samarinmu shi ne GTA V, wanda ya fito a 2013, da manhajar FiveM da ke ba mutane damar buɗe nasu garin a cikinsa. Wata saba, wato irin wannan gari, mai suna NoPixel ta yi tashe a Twitch, shafin kallon masu wasa kai tsaye, a 2021, a 2023 kuma kamfanin Rockstar mai GTA ya saye masu FiveM ɗin baki ɗaya.

Mataki na farko: duba abin da ke hannunka

FiveM a kwamfuta kaɗai yake aiki, ba ya hawa PlayStation, kuma sai da GTA V na asali wanda aka saya. Wanda ake tura wa mutane a filashi ba zai shige ba. Wasan ya kai kusan gigabayit 100, don haka kada ka ce da datar wayarka za ka sauke shi. Nemi inda ake da wayifai mai ƙarfi. Ranar da ka fara shiga wata saba ma za ta sauko maka da motocinta da tufafinta, nan ma data za ta tafi. Bayan wannan, zaman wasan kansa bai kai kallon bidiyo cin data ba.

In tsohuwar laftof gare ka, ba a bar ka a baya ba. GTA San Andreas na 2004 yana da SA-MP da MTA, manhajoji irin FiveM, kuma yawancin RP ɗinsu da rubutu ake yi. A ganina nan ya fi dacewa da mai koyo, musamman wanda Turancinsa ya fi ƙwari a rubuce, domin kana da damar yin tunani kafin ka amsa. Mai waya kaɗai kuma zai iya gwada Brookhaven a Roblox, kyauta ne, sai dai yara sun cika shi, ba a cika tsaurara doka ba.

In da murya za ka yi, sayi abin kunne mai makirufo, ka saita shi yadda sai ka danna maɓalli muryarka za ta fita. Ba wanda yake son jin ƙarar janareton maƙwabta a tsakiyar zaman kotu.

Mataki na biyu: zaɓi gari, ka karanta dokarsa

Saba ita ce babbar kwamfutar da ke ɗauke da garin, kowace kuma da masu ita da dokokinta. Nemi wadda take Turai. Saƙonka zai fi saurin zuwa da dawowa fiye da na Amurka, ga kuma dacewar lokaci: agogonmu da na Ingila ɗaya ne a lokacin zafinsu, awa guda ce tsakani a lokacin sanyi. Ƙarfe takwas na dare a Niyok kuwa, a Bauchi ɗaya ce ko biyu na dare. Wanda ke da lakca da safe a jami'ar ATBU ya yi wa kansa lissafi.

Kusan kowace saba tana da zaure a Discord, manhajar hira ta rubutu da murya. Shiga, ka yi shiru tukuna. Duba yadda masu kula suke amsa ƙorafi, da irin maganar da ake bari ta wuce. Inda ka ga ana zagin ƙabila ko addini ba mai tsawatarwa, ka kama gabanka. Da yawa kuma ba sa karɓar wanda bai kai shekara 18 ba.

Dokokin suna da tsawo, amma wasu kaɗan ne ke korar sababbi. IC na nufin abin da mutumin wasanka ya faɗa ko ya aikata, OOC kuma kai da kanka. Haɗa su shi ne tushen yawancin laifi. Abokinka ya kira ka a WhatsApp ya ce an tare shi a bayan banki, kai kuma ka ja mota ka nufi can: wannan laifi ne babba, don mutumin wasanka bai ji wannan kiran ba. Haka in ka ga sunan mutum a saman kansa ka kira shi da shi, alhali bai taɓa gaya maka ba. RDM shi ne kashe mutum ba dalili, ba wata magana da ta gabata. VDM kuma shi ne bi ta kansa da mota. Akwai dokar tsoron mutuwa: in an ɗora maka bindiga a ka, hannu za ka ɗaga, ba dambe za ka fara ba. Akwai kuma dokar sabuwar rayuwa: in aka kashe ka, ka farfaɗo a asibiti, ka manta wanda ya yi, babu komawa ramuwa. Wannan ta ƙarshe ita ce ta fi ci wa wanda ya saba da wasan harbi rai.

Mataki na uku: gina mutuminka

Nan ne aikin yake, kuma nan aka fi yin gaggawa.

Masu kula da saba sun gaji da karanta labari ɗaya: maraya ne, an kashe iyayensa yana yaro, ya zama sojan da ba a taɓa kayarwa ba, yanzu ya shigo gari neman fansa. Irin wannan mutum ba abin da wani zai yi da shi. Ba ya tsoro, ba ya buƙatar kowa, ba ya dariya. To a ina hira za ta shiga?

Ɗauki mutumin da ka san irinsa. A ce wani mai suna Sale, ɗan shekara talatin da 'yan kai, wanda ya yi shekaru yana facin taya a bakin tasha, ya ci bashin yayansa ya yi ƙaura zuwa wannan gari na Turawa da niyyar buɗe gareji. Ka san yadda irin Sale yake ciniki, yadda yake rantsuwa cewa kayan na asali ne, yadda yake jin kunyar a ce ya kasa. Ba sai ka ƙirƙiro komai ba, a kunnenka yake. Kuma a garin da kowa ke kwaikwayon ɗan daban Amurka, bakanike mai doguwar gaisuwa, wanda sai ya tambayi lafiyar iyali kafin ya buɗe bonet, shi ake tunawa. Kada ka wahalar da harshenka wajen kwaikwayon Turancin fim. Lafazinka na gida ya zama na Sale, shi ke nan ka huta.

Abu uku za ka tsayar kafin ka shiga. Me yake so? Ya zama abin da ba a samu a rana ɗaya, kuma ba a samu sai da mutane, kamar garejin nan. Me yake tsoro? Wataƙila 'yan sanda, saboda takardunsa ba su cika ba. Mene ne aibinsa? Wannan ya fi sauran amfani. Sale yana da cika baki, yakan karɓi aikin da bai iya ba. Daga wannan hali kaɗai rigima za ta yi ta fitowa: mota ta lalace a hannunsa, mai ita ya zo da faɗa, a kai ƙara, lauya ya samu aiki, ɗan jarida ya samu labari. Ka ga mutum biyar sun samu abin yi saboda aibi guda.

Kada ka sa masa sunanka na gaskiya, kada kuma ka ɗauki sunan gwamna ko wani malami ko mawaƙi. Tarihinsa ya tsaya a sakin layi biyu. Sauran a cikin gari za a rubuta shi. Ka kuma yanke tun yanzu abin da ba za ka taka ba. Garuruwan nan akwai mashaya da gidan caca da harkar ƙwaya, amma ba wanda zai tilasta maka. "Sale ba ya sha" hali ne cikakke, har ma yakan jawo hira. 'Yan'uwa mata masu sha'awar wasan su ƙara da duba ko sabar tana hukunta masu takura wa mata, tun kafin su buɗe makirufo.

Mataki na huɗu: takardar neman shiga

Sabobi masu tsari ba a faɗa musu kai tsaye. Za ka cike fom, wani lokaci har da 'yar ganawa ta murya a Discord. Za a ce ka bayyana dokoki da bakinka, a kuma ba ka misali: an tare ka da bindiga a lungu, me za ka yi? Rubuta da kanka, ko da Turancin da 'yan kurakurai. Sun fi gane kwafe fiye da yadda kake zato. In an ƙi ka, yawanci akan faɗi dalili, ka gyara ka sake turawa. Kafin amsa ta zo, yi atisaye a saba mai buɗaɗɗiyar ƙofa, amma kada ka ɗauko halin can, don hayaniya ta fi yawa.

Mataki na biyar: daren farko

Kada ka nemi bindiga. Nemi aiki: tasi, kai saƙo, kwasar shara, jan motar da ta lalace. Tasi ya fi, domin mutane ne za su shigo motarka da kansu, kuma dole a yi magana.

Koyi umarni biyu. Da /me ake nuna abin da jiki ke yi wanda wasan ba zai iya nunawa ba, da /do kuma ake bayyana yanayi ko a yi tambaya a kansa. Za ka rubuta: /me ya share zufa da gefen riga, ya leƙa ƙarƙashin mota. Sannan: /do Ko akwai mai da ke zuba? Mai motar ne zai amsa. Lura da wannan, domin ƙa'ida ce: kai kana faɗin abin da ka yi yunƙurin yi, ɗayan ne ke faɗin abin da ya same shi. "Ya kai masa naushi" daidai ne. "Ya naushe shi ya suma" ƙwace ne, ka yanke wa mutum hukunci a kan jikinsa, kuma ana hukunta mai yin haka.

Za a tare ka a hanya, wannan babu makawa. Sabon shiga yakan taka mota ya gudu, a bi shi, a kama, a rufe, labari ya ƙare a minti biyu. Gwada tsayawa. "Yallaɓai, barka da aiki. Wallahi takardun suna gida, yanzu na fito sayo wa yara burodi." Ka roƙa, ka kawo uzuri, ka karɓi tarar kana gunaguni. Ɗan sandan nan mutum ne a wani ɗaki a wata ƙasa, ya gaji da tsere, kuma gobe in ya gan ka zai gane ka. Haka ake yin suna a gari. Yarda a ci ka tara, a yi maka fashi, a yaudare ka a ciniki, duk kayan aiki ne. Sale da aka sace wa akwatin sifana yana da dalilin yin magana da kowa a garin har mako guda.

In wani ya karya doka a kanka, kada ka tsaya kana ihun "ka karya doka" a tsakiyar fage. Ƙarasa wasan yadda yake, sannan ka kai ƙara ta hanyar da aka tanada, da hoton bidiyo in kana da shi. Saboda haka yana da kyau ka bar manhajar naɗar allo a kunne. OBS kyauta ce.

Mataki na shida: wuta, sallah da fita

Ga matsalar da Bature bai cika saninta ba. Fita daga wasa ana tsakiyar kama ka ko ana yi maka fashi laifi ne mai tsanani, don ana ɗauka gudu ka yi. Mu kuwa ana iya ɗauke wuta ko sabis ya yanke a kowane lokaci. Saboda haka ka sa Discord a wayarka, da zarar allo ya mutu ka rubuta cewa wuta ce ta tafi, ga lokacin da kake sa ran dawowa, kuma a shirye kake a ci gaba daga inda aka tsaya. Laftof mai batir mai kyau ta fi kwamfutar tebur a nan, kuma datar waya ta zama a ajiye don irin wannan rana.

Lokacin sallah sananne ne, ba ya zuwa ba zato. In Magariba ta kusa, kada ka shiga abin da zai ja awa guda. Kai Sale gida ko gareji, ya ce wa abokan hira zai je ya dawo, ka fita lafiya lau.

Sauran kariya gajeru ne. Ba mai kula da saba na gaskiya da zai nemi kalmar sirrinka, balle BVN ko NIN ko lambar da banki ya turo maka. Kada ka tura wa baƙo naira don ya ba ka kuɗin cikin wasa. Sabobi da yawa sun hana, kuma in ya gudu ba inda za ka kai kuka. Duk manhajar da aka ce za ta ba ka kuɗi ko ƙarfi kyauta, ko dai ta sa a kore ka har abada, ko ta kwashe abin da ke cikin kwamfutarka. FiveM kuma daga shafinsa na asali kaɗai ake sauke shi, ba daga mahaɗin da wani ya jefo a guruf ba.