Idan za ki kai yara Umra, kada su dawo da tsaraba kawai

Mun kai yaranmu uku Umra a lokacin dogon hutu: babbar tana da shekara 12, na tsakiya 9, Auta 6. Shekara biyu muka yi muna tari. Shi ya sa nake ganin asara ce a zubar da wannan dukiya, a dawo yaro ba shi da labari sai na ɗakin otal da kantin kayan wasa.

Takardu dai kin san su: kowane yaro da fasfonsa, har jinjiri, da katin rigakafin shawara da sanƙarau. Abin da ba a cika yi ba shi ne taswira. Ni a tabarma na shimfiɗa ta, na ɗora yatsa a Kano, na ja ta Chadi da Sudan har bakin Bahar Maliya. Na ce musu kakanninmu da ƙafa suka bi nan, su tsaya su yi noma su sami guzuri su ƙara gaba, wasu su shekara da shekaru, wasu ma can suka zauna, shi ya sa har yau akwai Hausawa a Sudan da Makka. Mu kuwa awa biyar ko ƙasa da haka jirgi zai sauke mu a Jidda. Ranar da wata dattijuwa mai talla ta ce wa na tsakiya "Yaro, daga ina?" da Hausa tsantsa, sai ya jawo mayafina ya ce, "Umma, jikar masu tafiyar ƙafa ce?"

Ki rataya wa kowa takarda mai sunan masauki da lambar waya, ki kuma zaɓi ƙofa ɗaya ta haɗuwa. Ƙofofin Harami suna da suna da lamba. Mu ta Sarki Fahad muka riƙe, lamba 79. Auta ya sulale mana bayan Isha'i, minti ashirin ɗin nan ban so ko maƙiyina ya ɗanɗana su. Lambar ce ya haddace.

Babbar makarantar tana cikin sahu. Kada ki killace su tsakanin 'yan ƙasarku. Ki bar su su zauna kusa da baƙi, ki ba su dabino su miƙa. Rana ta biyu 'yata ta raɗa min, "Umma, wannan matar ba ta iya sallah ba." 'Yar Turkiyya ce, zamanta na tahiya ya sha bamban da namu. Da na ce "ƙyale ta" da na kashe maganar, ta dawo gida da tunanin mu kaɗai ne a kan daidai. Bayan an sallame na zaunar da ita na ce mazhabobi huɗu ne sanannu: a wajenmu Malikiyya ta fi yawa, Turkiyya da Pakistan Hanafiyya, Indonesiya Shafi'iyya, kuma kowa wurin malamai ya koya. Ta yi shiru, ta sake kallon matar, wannan karon ba da wutsiyar ido ba.

Tarihi kuma a wurinsa ake ba da shi. Sa'ayi ya kai kusan kilomita uku. Sai da Auta ya fara kukan ƙafa sannan na ba shi labarin Nana Hajara da jaririnta, babu inuwa babu ruwa. A Madina mun hau tudun maharba a Uhudu kafin babansu ya buɗe baki. In da hali, ku shiga jirgin ƙasan Haramain, mai zirga-zirga tsakanin Makka da Madina, da aka buɗe a 2018: kilomita wajen 450 cikin awa biyu da 'yan mintuna, su leƙa taga su ga irin duwatsu da rairayin da aka keta aka yi Hijira a kan raƙumi.

Ki damƙa musu riyal su sayo tamis da ful, wato gurasa da dafaffen wake, da kansu, su lissafa nawa ya kama a naira. Za su ji kunya ranar farko, ta uku kuwa har ciniki.

Sai ki kama bakinki, ki kama na maigida. Da ya ga wuta ba ta ɗaukewa sai ya fara "mu dai ƙasarmu sai addu'a". Na ce, "Abban yara, a gabansu?" Ban so su koyi raina gida. Na gwammace in nuna musu masu goge dandamalin Harami cikin dare, mutanen da suka baro 'ya'yansu a Bangladesh da wasu ƙasashe suka zo neman abinci, su je su gaishe su.

Kowa na saya masa ɗan littafin rubutu. Maza biyun zanen jirgi suka cika nasu da shi. Ita babbar kalmar godiya ta riƙa tarawa daga bakin matan da ta zauna da su: shukran, shukriya, tarima kasi. Ta Turkanci ce ta gagare ta, sau uku matar tana maimaitawa suna dariya, har yau gurbinta na nan a shafin.